Wasan Dodo na Yara a Lokacin Kaka: Ba Sai An Je Kasuwa Ba

Duk ranar 31 ga Oktoba, yara a Amurka kan yi shigar ban tsoro su bi gida-gida suna karɓar alewa. Bikin Halowin ke nan. Tushensa bikin ƙarshen girbi ne na mutanen Ailan na da, wanda ya haɗu da jajiberin ranar tsarkaka ta 1 ga Nuwamba, kuma waɗanda yunwar shekarun 1840 ta kora ne suka yaɗa shi a Amurka. Yanzu waya ta kawo hotunansa har Manchok, hedkwatar masarautar Moro'a a ƙaramar hukumar Kaura, don haka kada uwa ta yi mamaki in ɗanta ya dame ta sai ta sayo masa fuskar roba.

Alhali kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Kano da Zariya, da zarar azumi ya kai kwana goma, yara kan fito tashe: wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya ɗaura tsumma ya zama Jatau mai magani, suna bin gidaje ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. A garuruwa da yawa na kudancin Kaduna ma, Kirsimeti ba ya wucewa ba a ga yara sun rufe fuska suna rawa a ƙofar gidaje ba. Babu wanda ya taɓa shiga kanti don waɗannan. Kaka kuma ta fi kowane lokaci arzikin kayan wasa na kyauta: karan dawa, ɓawon masara, tsofaffin buhuna, fasasshiyar ƙwarya, gawayi da toka.

Wasan da ya fi ɗaukar hankalin yara shi ne haɗa dodo. A raba su gida uku ko huɗu, kowane gida a ba shi buhu, igiya, ɓawon masara da guntun gawayi, a ce cikin minti goma su shirya ɗaya daga cikinsu. Daga nan kowane dodo ya fito fili ya taka rawa, sauran su zaɓi gwani da tafi. Daɗin wasan ba a fitowar yake ba, a shirin yake: gardamar inda za a sa ƙaho, wutsiyar da ta ƙi zama, ƙaramin da ya fashe da dariya ana tsaka da shafa masa toka. Fuskar roba ta kanti ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan; an saya, an sa, an gama.

Sai wasan laluben tukunya. A ɗaure wa yaro ido da ɗankwali, ya tura hannu cikin tukwane, ya faɗi abin da ya taɓa. A ɗaya a zuba yankakkiyar kuɓewa da ruwa, a wata dafaffiyar taliya mai sanyi, a wata 'ya'yan kabewa da ba a wanke ba. Mai jan wasan ya riƙa cewa hanjin kura ne ko majinar Dodo. Ihun da za a yi a kan kuɓewar nan kaɗai ya isa biki.

Turawa suna da wasan cafko tuffa da baki daga cikin bahon ruwa. Ni dai ban ga hikimar yara ashirin su tsoma baki a ruwa ɗaya ba, ga hunturu na shigowa da mura. Gara a rataye gwaiba ko ƙuli-ƙuli da zare a reshen mangwaro, kowa da nasa, hannuwa a baya. Kabewar da Turawan suke sassaƙa wa ido da baki kuwa, a nan ta miyar taushe ce. Kwali ko tsohuwar ƙwarya za su yi aikin. A sa tocila a ciki, ba kyandir ba, domin kara ya bushe kuma buhu ba ya jinkirin kama wuta.

In an gaji da langa da ɓuya, a zauna tatsuniya. Wanda ya manta tasa ya nemi littafin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ko ya kira kaka ta ba da labarin Gizo da Ƙoƙi, ta fi kowane littafi iya muryar Dodo.

Akwai iyaka guda da baƙo zai iya takawa bai sani ba. Dodon gargajiya a kudancin Kaduna, irin wanda Atyap da maƙwabtansu ke kira Abwoi, ba abin wasa ba ne. Sirrinsa na manyan maza ne, kuma har yau akwai dattawan da ba za su ji daɗin ganin an kwaikwaye shi ba. Haka nan fastoci da malamai da dama ba sa son zancen fatalwa da ƙwarangwal. To, me zai sa a kawo waɗannan cikin wasan? Yara su zama kura, tsoho mai gemu, buzuzu ko mutum-mutumin gona, kowa ya kawo ɗansa hankali kwance, Kirista da Musulmi.

Iyaye da malaman makaranta, ku sa wasan da la'asar a harabar makaranta ko tsakar gida, a tashi kafin magariba, babba ya raka kowane yaro gida. Dafaffiyar gyaɗa da rake sun isa kyautar waɗanda suka ci, kuma a tabbata wanda bai ci ba ma ya samu.