Kazar da aka toshe wa akurki

Duk macen da ta taɓa kiwon kaji a tsakar gida ta san akwai kazar da ba a sa wa wuƙa. Ko baƙo ya sauka, ko salla ta matso, sai dai a kama zakara, mai kwanci kam ana barin ta. Kakata tana da irin wannan kaza, wake-wake, wadda ba ta saka ƙwai ko'ina sai a wani lungu bayan rumbu. Wata shekara aka ja katanga ta raba lungun da tsakar gida. Ba wanda ya taɓa kazar, ko tsaba ba a rage mata ba. Sai dai ta riƙa zagaya gindin katangar tana kyarkyara, ta yar da ƙwai nan, ta yar can, gafiya da kare suna kwashewa. Tun daga lokacin ba mu sake ganin 'yan tsakinta ba.

Wannan kaza nake tunawa duk sa'ad da aka yi zancen kogin Yangtse na ƙasar Sin, kogi mafi tsawo a nahiyar Asiya, mai kimanin kilomita 6,300. A cikinsa akwai wasu manyan kifaye da ake kira sitajin, masu jerin ƙasusuwa a gadon baya kamar sulke. Wani irinsu a teku yake girma, kuma macen kan haura shekara goma kafin ta fara ƙwai. In lokaci ya yi, sai ta kamo hanya ta hauro kogin, tafiyar dubban kilomita, har zuwa wuraren tsakuwa na can sama, a sashen da ake kira Jinsha. Nan ne lungun bayan rumbunta.

A 1981 aka datse kogin da madatsar Gezhouba, kusa da birnin Yichang. Kifayen suka iso kamar yadda suka saba, suka tarar da katanga. Wasu suka haƙura suka riƙa zuba ƙwai a ɗan guntun wuri ƙasa da madatsar. Da aka fara tara ruwa a babbar madatsar Kwazazzabai Uku a 2003, sai ruwan kaka ya daina yin sanyi a kan kari, alhali wannan sanyin ne ke sanar da kifin lokacin ƙwai ya yi. Daga 2017 aka jera shekaru masu bincike ba su ga alamar haihuwarsa a kogin ba.

Wani ɗan uwansa ma bai kai haka ba. Kifi ne mai dogon baki kamar takobi, da kan wuce mita uku. Ganinsa na ƙarshe da rai a 2003 ne, kusa da Yibin: aka maƙala masa na'urar bibiya aka sake shi, ba a jima ba aka rasa inda ya shiga. A 2022 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke bakin ƙarewa, ta ce ya ƙare ƙaƙaf. A wannan sanarwar kuma ta ce ƙaramin sitajin na Yangtse, wanda bai san teku ba, ya ƙare a kogi, sai wanda ake kiwo a tafkunan gwamnati.

A yi adalci, hukumomin Sin ba su naɗe hannu ba. Ranar 1 ga Janairun 2021 suka haramta su na kasuwanci a kogin har shekara goma. Masunta fiye da 230,000 suka rataye koma, aka janye jirage sama da 110,000 daga ruwa. Ba ƙaramin abu ba ne a ce wa wanda ya gaji su kaka da kakanni ya je ya nemi wata sana'a. Dole ce ta sa: kogin da aka kama kifi fiye da tan 420,000 a cikinsa a 1954, ya koma ba ya ba da ko tan 100,000. Mutanen Argungu ba za su yi mamakin wannan dabara ba, su da ke hana su a Matan Fada sai ranar gasa. Kuma hanin ya yi rana, ƙananan kifaye sun fara dawowa.

Amma hana su daidai yake da ajiye wuƙa. Kakata ma ai ba ta yanka kazarta ba.

Sauran dabarar ita ce ƙyanƙyasa a tafki. Tun 1984 ake sakin 'ya'yan sitajin a kogin, miliyoyi ke nan zuwa yau, ana taro ana ɗaukar hoto. Wannan kuwa shi ne sayo 'yan tsakin inji daga kasuwa duk shekara a zuba a tsakar gida. Gida zai cika da tsiyau-tsiyau, baƙo ya shigo ya ce masha Allah, amma ranar da aka daina saye, ranar kiwo ya tsaya. Ban raina aikin ba, don ba domin shi ba da tuni iri ya ɓace. Abin da nake ƙi shi ne a ƙirga kifin da aka saka a ruwa a ce an ceto shi. Kifin da aka ceto shi ne wanda ya zuba ƙwai da kansa a kan tsakuwa, 'ya'yan suka girma suka dawo.

Ba wanda zai rushe Gezhouba, wuta take ba miliyoyin mutane. Abin da ya rage shi ne a gyara ɗan lungun da ke ƙasa da ita, a riƙa sakin ruwa daidai da lokacin ƙwai. Wa'adin hana su zai cika a ƙarshen 2030, katangar kuwa tana nan inda take.