Rumbu Ya Fi Aljihu Riƙon Amana

A gidan da ake ciyar da baki goma sha biyu ko goma sha biyar, kowace safiya sai an fid da kuɗi: na niƙa, na cefane, na sabulu, na makarantar yara. Maigida yana gona, uwargida tana tsakanin murhu da rijiya, ba mai sukunin zama ya yi lissafi. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na injin niƙa suka hau, kayan masarufi kuma suka bi bayansu. To, ina manomi zai rage?

'Yan'uwa manoma, babbar ƙofar da kuɗin gida ke zurarewa ita ce wannan: mu sayar da hatsinmu da kaka yana araha, mu koma mu saye shi da damina yana tsada. Kaka takan zo tare da Kirsimeti, da bukukuwan aure, da kuɗin makaranta na watan Janairu. Kowa ya kai masara da dawa kasuwa lokaci ɗaya, farashi ya faɗi. A yawancin shekaru, kafin Yuli ko Agusta rumbu ya yi ƙasa, sai mutum ya sayi tiya ɗaya da kuɗin da ya fi wanda ya karɓa a kanta. Wani ma sai ya ci bashi, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani daidai lokacin noma.

Ƙirga kafin ka sayar

Maigida da uwargida su zauna tare, domin ita ce ta san awo. A ce gidanku yana cin tiya 2 kowace rana. A shekara tiya 730 ke nan. Idan buhu yana ɗaukar tiya 40, kuna bukatar buhu 18 da 'yan kai. A ƙara na baƙi, da na iri, da na baiko. Wannan a ware shi gefe, kada a taɓa. Abin da ya saura shi ne na kasuwa. Idan bukata ta taso da kaka, gara a sayar da akuya ko kaji da a buɗe rumbun ci.

Kada ka noma wa ƙwari

Da yawa suna gaggawar sayar da wake don tsoron ƙwari. Akwai buhu mai rufi uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Iska ba ta shiga, sai ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. Amma sai hatsin ya bushe sarai. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora buhun a kan katako inda ɓera ba zai kai ba. Idan ledar ba ta huje ba, za a sāke amfani da ita baɗi. Yana riƙe masara da dawa ma.

Saye tare

Sayen ƙulli-ƙulli yana cin kuɗi a ɓoye. Gishirin ƙulli, da manjan kwalba, da sabulu ɗai-ɗai, duk da ribar mai tebur a kansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidaje goma na ƙungiya, ko na Zumuntar Mata, za su iya haɗa kuɗi ranar kasuwa su aiki mutum biyu su sayo buhun gishiri, da jarkar manja, da katan na sabulu. Kuɗin mota ɗaya ne, farashi kuma na sari. A raba a gaban kowa, magatakarda ya rubuta a littafi, domin rashin rubutu shi ke kashe ƙungiya.

Cikin gida

Uwargida, ki jiƙa wake tun dare, zai nuna da wuri. Ki rufe tukunya. Murhun laka da ke tare iska ya fi na duwatsu uku tattalin itace. Ki kai niƙa na kwana uku ko huɗu lokaci ɗaya, a shanya garin ya huce kafin a ajiye. A shuka zogale da kuɓewa da yakuwa a bayan gida inda ruwan wanke-wanke ke malala, a busar da rara don rani. Waken soya kuma yana ba da awara da daddawa, ya rage kuɗin nama da na ɗanɗano.

A taron ƙungiya mai zuwa, kowane gida ya zo da lissafin tiyarsa. Wanda nasa ba zai kai sabuwar kaka ba, gara a sani tun yanzu, a san yadda za a tallafa masa kafin ruwa ya sauka.