Ƙaiƙayin da Ba Ya Jin Ƙwayar Piriton

Da hunturu ya kama, iyaye mata kan yi sintiri zuwa kemis neman Piriton saboda yaron da ya kwana yana susa har bayan gwiwarsa da lanƙwasar hannunsa suka yi jini. Ƙwayar takan sa shi barci, amma da ya farka sai ya ɗora daga inda ya tsaya. Dalili kuwa shi ne Piriton na tare wani sinadari ne mai suna histamin, wanda ke haddasa borin jini. Ƙaiƙayin ciwon fatar nan da likitoci ke kira iczima ta wata hanyar daban yake biyowa.

Ƙwayoyin garkuwar jiki suna aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan furotin da ake kira sitokayin. Wani rukuni daga cikinsu, mai suna intalukin, lamba ake ba kowannensu. A 1986 Tim Mosmann da Robert Coffman, masu bincike a Kalifoniya, suka nuna cewa ƙwayoyin da ke jagorantar garkuwa sun kasu: wani kashi na shirya yaƙi da ƙwayoyin cuta masu ɓuya cikin ƙwayoyin jiki, wani kuma na fitar da saƙonni irin su intalukin 4 da 5. Wannan kashi na biyu shi ke korar tsutsar ciki da ta tsargiya. Yana sa hanji ya zubo majina, yana tara ƙwayoyin jini masu kashe tsutsa. Idan ya tashi a kan ƙura ko gashin kyanwa ko garin fure, sai a samu iczima, asma, ko atishawa da toshewar hanci.

A fata ɓarnar ninki biyu ce. Intalukin 4 da 13 na rage yawan filagrin, furotin ɗin da ke riƙe saman fata kamar yadda yaɓe ke riƙe katangar ƙasa. Fata ta tsage, ruwa ya ƙafe daga cikinta, ƙura da ƙwayoyin cuta su kutsa, garkuwa ta ƙara harzuƙa. A 2006 tawagar Irwin McLean a Dundee ta Sukotlan ta gano cewa wasu ana haifar su ne da naƙasa a ƙwayar gadon filagrin. Sai dai irin naƙasar da ta yawaita tsakanin Turawa ba kasafai ake samun ta a 'yan Afirka ba, alhali yaransu na fama da cutar. Wannan kaɗai ya isa a ce binciken da aka yi kan fatar Bature bai wadatar da mu ba. Hatta alamar da littattafai ke koyarwa, wato jan fata, a baƙar fata takan fito ne da duhu ko toka-toka.

Shi kansa ƙaiƙayin fa? A 2004 aka bayyana intalukin 31, bayan an ga ɓerayen da jikinsu ke fitar da shi da yawa suna susa har gashinsu ya zube. Daga baya aka tabbatar cewa jijiyoyin fata na da maƙalar da wannan saƙo ke kamawa kai tsaye, su kai shi ƙwaƙwalwa. Susa kuma na raunata fata, fatar da ta ji rauni ta fitar da nata saƙon gaggawa, abu ya koma farko.

Sanin haka ya haifar da magunguna. A 2017 Amurka ta amince da allurar Dupixent, wadda ke toshe hanyar intalukin 4 da 13 gaba ɗaya. Da yake tushen guda ne, daga baya aka yarda a yi amfani da ita ga masu asma da masu tsiron cikin hanci. Japan ta amince da wata allurar mai tare intalukin 31 a 2022. Ciwon soriyasis kuwa, mai ɓawo fari-fari, intalukin 17 da 23 ne ke ruruta shi, don haka allurarsa daban ce.

Abin da ke ci wa mutum rai shi ne farashi. Lokacin da Dupixent ta fito, kuɗinta na shekara ya kai kusan dala 37,000. A Kano ko Maraɗi, abin da mai iczima ke samu shi ne man shafawa mai sitiroyid, wanda ke danne saƙonnin duka ba tare da tantancewa ba. Yana aiki ƙwarai idan likita ya ƙayyade ƙarfinsa da kwanakin shafa shi. Amma irinsa mai ƙarfi, wanda ake sayarwa barkatai har ana cuɗa shi cikin man bilicin, yana sirantar da fata, ya bar ta da nankarwa, ya ɓoye makero har ya bazu. Likitocin fata kan fara ne da abin da ke rufe tsagar: wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, sabulu marar ƙamshi, sannan a shafa basilin ko man kaɗanya tun jiki bai gama bushewa ba, safe da dare.