Kafin Ku Sa Wa Akori-kura Ƙugiyar Jan Tirela

'Yan'uwa manoma, idan kaka ta yi, masara takan taru a gona, kuɗin hayar babbar mota kuwa ya fi ƙarfin ƙungiya. Saboda haka masu akori-kura, ko tsohuwar Peugeot ce ko Toyota Hilux, sukan yi shawara su sa mata ƙugiya a baya domin ta ja ƙaramar tirela. Shawara ce mai kyau, ana kuwa iya yin aikin a gida. Amma a tuna, motar ta jama'a ce, ran direba da na masu tafiya a hanya kuma suna rataye a kan wannan ɗan ƙarfe.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai motar wurin mai walda ya liƙa ƙugiya a jikin bamba. Bambar da ba a ƙera ta don jan kaya ba, ranar da tirela ta faɗa rami da nauyi, sai ta yage. Ku leƙa ƙarƙashin motar, za ku ga dogayen ƙarafa biyu daga gaba har baya. Su ne shasi, ƙashin bayan mota. A kansu ake ɗaura ƙarfe mai kauri a gicciye, ƙugiyar ta zauna a tsakiyarsa.

Da ƙusoshi masu noti za a ɗaure shi, ba da walda ba, gama zafin walda yakan raunana shasi, daga baya ya tsage. Ku nemi ramukan da maƙera motar suka bari, ku yi aiki da su. Ku sayi ƙusoshin da aka buga 8.8 a kansu, ku sa washa. Idan tsatsa ta ci shasin, a dakata sai bakanike ya duba. In ƙugiya mai dunƙulen kai ce, yawanci milimita 50 ce, bakin tirelar kuma dole ya zama daidai da ita. A ƙara sarƙa biyu, a gitta su ƙarƙashin wuyan tirelar, domin ko ƙugiya ta kuɓuce su tallafe shi. A ja waya kuma, danja da sigina su kama a baya.

Sai maganar lodi. Mota takan ja abin da ba za ta iya tsayar da shi ba. A Ingila, doka ba ta yarda tirela marar birki ta wuce kilo 750 ba, har da nauyin ita kanta tirelar. In tirelarku kilo 250 ce, buhu biyar na masara mai kilo 100 ke nan, ba goma ba. Ku jera fiye da rabin kayan gaban ƙafafunta. Idan nauyi ya koma baya, sai ta riƙa wutsiya har ta kifar da motar. A gangara a sa ƙaramar giya. Kada a ɗauki mutum a tirela, ko ranar kasuwa, ko ranar taron Ekklesiya.

Bayan sawu na fari, a ɗauki sufana a sāke ɗaure kowane noti. Ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya wanda zai riƙa duba ƙugiya da sarƙa kafin kowace tafiya. Sawu biyu lafiya ya fi sawu ɗaya da kuka. Ubangiji da ya ba mu amfanin gona, shi kai mu gida da shi lafiya.