Wa Ke Da Ruwan Ƙarƙashin Ƙasar Rano Da Kibiya?

Duk da cewa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ba ta da nisa da Rano, ƙauyuka da dama a Rano da Kibiya da rijiya suka dogara. Idan bazara ta yi tsanani, ɗalibai ne ke asubancin ɗebo ruwa, wasu har su makara a makaranta.

Dalili yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Yankin yana zaune ne a kan dutse mai tauri. Ruwan damina kan taru a rubaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsagogi, don haka ɗan taƙi ne. Idan aka jera rijiyoyin burtsatse kusa da juna, mai zurfi na iya janye ruwan maƙwabciyarta.

Me doka ta ce? Dokar Albarkatun Ruwa ta Tarayya ta 1993 ta amince kowa ya ɗebi ruwan amfanin gida da na dabbobi kyauta. Ta kuma bai wa minista ikon tsara wuri da zurfin rijiyoyi. A Kano, hukumar RUWASSA ce ke kula da ruwan karkara.

Amma fa hukuma ba ta kwana a bakin rijiya. Ku kafa ƙungiya a makarantarku, ku riƙa auna zurfin ruwan rijiya da igiya kowane wata, kuna rubutawa. Ranar da za a haƙa sabuwar burtsatse, ku kai wa dagaci littafin.