Biktoriya: Ma'anar Sunan da Yaɗuwarsa a Taswirar Afirka

A ilimin nazarin sunaye, Biktoriya misali ne na yadda kalma kan zama sunan yanka, sannan ta koma sunan wuri. Asalinta daga Latin ne, inda take nufin nasara, kuma da ita Romawa suke kiran abar bautarsu ta cin galabar yaƙi. Ta fuskar ma'ana, ta yi kusa da Nasiru da Mansur a sunayen mutane, da kuma Nasarawa a sunayen garuruwa.

Sunan bai yi tashe a Ingila ba sai da Sarauniya Biktoriya ta hau gadon sarauta a 1837. Ta gaje shi ne daga mahaifiyarta, wadda Bajamusa ce. Kafin mulkinta ya ƙare a 1901, sunan ya bi sawun daular Birtaniya zuwa ƙasashe masu nisa.

A 1855 David Livingstone ya laƙaba shi ga magangarar ruwa ta kogin Zambezi, wadda mutanen wurin suke kira Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa. A 1858 John Speke ya raɗa shi ga tafki mafi girma a Afirka, wanda Baganda suka sani da Nalubaale. A wannan shekarar ce kuma Alfred Saker, ɗan mishan, ya kafa garin Biktoriya a gaɓar tekun Kamaru. A duk waɗannan wurare, ma'anar nasara ta kau. Abin da sunan yake ɗauke da shi shi ne mubaya'a ga mai mulki.

Bayan samun 'yancin kai, ƙasashe sun bambanta. A 1982 Kamaru ta sauya sunan garin zuwa Limbe, Zimbabwe kuma ta mayar da Fort Victoria zuwa Masvingo. Amma tsibirin Biktoriya na Legas da babban birnin Seychelles suna nan da sunan har yau.

A bakin Bahaushe, sunan ya bi ƙa'idar aron kalmomi. Da yake Hausa ba ta da sautin /v/, sai /b/ ya maye gurbinsa, kamar yadda ya faru a kalmar talabijin. Haka nan wasu kan saƙa wasali tsakanin /k/ da /t/, su ce Bikitoriya. Ke nan furucin ya zauna a Hausa, amma ma'anar ta asali ba ta biyo shi ba.