Ceto Bayanai Bayan Faifai Ya Mutu

A shekarar 1988 ne wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, wato David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka wallafa maƙalar da ta yaɗa sunan RAID. Tsari ne na haɗa faya-fayan kwamfuta su yi aiki tamkar guda, kuma a kansa na'urorin ajiya na ofisoshi da jami'o'i suka dogara.

A nau'in RAID 5, dabarar ta yi kama da lissafin ɗan firamare. A ƙaddara faya-fayai uku na ɗauke da 3 da 5 da 2, na huɗu kuwa na riƙe da jimlarsu, wato 10. Idan mai 5 ya mutu, sai a ɗebe 3 da 2 daga 10, abin da ya ɓace ya dawo. Amma idan biyu suka mutu, lissafi ya rushe.

Haɗarin yakan zo ne lokacin sake gini, domin dole a karance sauran faya-fayan kaf, alhali galibi sa'o'in juna ne, sun tsufa tare. Saboda haka idan na biyu ya fara tangarɗa, ƙwararru sukan kashe na'urar, su rubuta wa kowane faifai lambar gurbinsa, su kwafe shi ɗungurungum, sannan su yi gwajin haɗawa a kan kwafin kaɗai. Kuskure guda a kan na asali yana iya shafe aikin shekaru.

Tsarin dai ba ya maido da abin da aka goge, kuma ba ya tsare gobara. Wanda ya ajiye kwafi a wani wuri dabam shi ne mai kwana da kwanciyar hankali.